Tsohon Da Na Juya Gabas

Motar albasa ce ta fitar da ni daga ƙasarmu, kuma har na kai Kumasi ban rabu da warin albasa ba. A saman buhuna nake zaune, rana ta gasa ni, iska ta busar da ni, duk ramin da direba ya faɗa sai na ji shi a ƙashin bayana. A garinmu Birnin Tudu abin da na gaya wa mutane shi ne neman aiki za ni Gana, tunda gonarmu ta bayan gari ta daina shiguwa. Ban yi ƙarya ba, amma rabin maganar na faɗa.

Yayana Lawali ya riga ni zuwa can, wajen masu haƙar zinariya, kuma can ya rasu. Wani Garba, mutumin Faru, shi ya kira mu a waya ya ce zazzaɓi ne, an yi masa sutura, an rufe shi cikin musulmi. Inna ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Ta karɓi gaisuwa kamar yadda ya kamaci matar malami. Sai da mutane suka watse ta dube ni ta ce:

"Mande, wa yaj juya shi gabas?"

Wanda bai san gidanmu ba zai ga tambayar ƙarama ce. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan Malam, shi ake kira idan jinya ta yi tsanani, daga garinmu har Damri. Yakan kwantar da mutum a gefensa na dama, fuskarsa gabas, ya jiƙa masa leɓe, ya riƙa faɗa masa kalmar shahada a hankali ba tare da ya matsa masa ba, sannan ya karanta Yasin. Na sha ganin haka har na iya. Yakan ce duk wannan mai sauƙi ne, babban abin shi ne kada a bar mutum shi kaɗai. Inna ta yi shekaru tana ganin mijinta yana yi wa 'ya'yan wasu wannan hidima, ga nata ɗan ya tafi ba ta san ko da kowa a kansa ba. Mace ce mai dariya, wadda ake jin muryarta daga zaure, amma tun ranar sai ta yi shiru. Tuwo ma sai an yi da gaske take taɓa shi. Ba ta aike ni bincike ba. Ta dai ce idan Allah ya haɗa ni da wanda ya zauna da Lawali, in gaishe mata shi.

Mun ƙetare iyaka a Malanbil lafiya, sai motar ta mutu mana kafin Faraku. Direba ya ce gyaran ba na yau ba ne, kowa ya nemi hanya. A tashar Faraku wani ɗan kamasho ya tare ni da Hausa tsantsa, ya kama hannuna biyu-biyu. Ya tambaye ni gajiya, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi tsofaffi, har ya ce ina labarin mutanen Mafara. Gaisuwar ce ta cuce ni. A wajenmu ɓarawo ba ya tsayawa ya gaishe ka haka. Ya karɓi kuɗin motata, ya kai ni ƙarshen tasha ya zaunar da ni cikin wata bas, ya ce yanzu za ta cika. Na zauna ina jin daɗin na samu gefen taga. Har la'asar ba wanda ya shigo. Wata mai suyar doya ce ta gaji da kallona, ta zo ta ja hannun rigata, ta zagaya da ni bayan motar ta nuna mini. Ba taya ko ɗaya a baya, kan duwatsu take zaune, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ƙunsa mini doya da yaji a takarda, ta ƙi karɓar komai. Ban ji yarenta ba, ba ta ji nawa ba.

Wasu mutanen Nijar ne suka ɗauke ni a wata motar albasar, bisa sharaɗin in taya su sauke kaya. Muka bi ta Jugu muka ratsa Togo. Tun daga nan ƙasa ta fara canza mini. Itatuwa suka yi tsawo suka haɗe, sama ta zama 'yar tsaga, rana ta fito ba ka san ta ina ta fito ba. Ni da ban taɓa tambayar gabas ba tun da aka haife ni, sai ga ni ina tsayar da mutane ina ɗaga hannu kamar mai kabbara don su nuna mini. Abinci kuwa sakwara ce da miya mai ruwa, ka haɗiye ba ka tauna ba. Na yi kewar fura har na yi mafarkinta. Na yi kewar a gaishe ni a tsaya a ji amsa.

A Kumasi na sauka a Zango, unguwar Hausawa, na kama dako a kasuwar albasa, ina kwana a barandar wani masallaci. Na ɗauki lokaci kafin in gano Garba, domin ya bar ramin zinariya ya koma tura baro. Da na same shi ya rungume ni ya yi kuka, ya saya mini shayi. Da na yi masa tambayar Inna sai ya sunkuyar da kai.

"Wallahi Mande, ban nan. Na iske an riga an wanke shi. Ban iya yi maka ƙarya ga wagga magana."

Ya ce akwai wani Bazabarme, Sumaila, da suke ɗaki ɗaya da Lawali. Idan akwai wanda ya san yadda aka yi, shi ne. Sumaila ba ya riƙe waya, don haka Garba ya kira wani mai shago a garin da suke, can yamma cikin daji. Mai shagon ya ce Sumaila ya haɗa kayansa, gida za shi ranar Lahadi da asuba, kuma ƙauyensu can ne inda ko waya ba ta shiga. Ranar Juma'a ce da yamma muke wannan magana. Asabar da sassafe na kama hanya.

Motar farko ta sauke ni a wata mararraba cikin gonakin koko, bayan azahar. Yaron motar ya nuna mini wata jar hanya da ta shige daji, ya ɗaga yatsa ɗaya: mota ɗaya ce ta rage yau, idan ta wuce sai gobe. Na sami gindin wani mangwaro na zauna da jakata.

Biki ake a ƙauyen da ke bayan mararrabar, kuma da alama an fara watsewa. Kiɗa na tashi, motoci na fitowa ɗaure da ƙyallaye. Wata a-kori-kura ta tsaya cike da samari, kowa da kwalba a hannu, suna waƙa suna dukan jikin mota. Ɗaya ya diro ya yi rawa a tsakiyar hanya, wandonsa na zamewa, ya miƙo mini kwalba yana kiran "Abochi, Abochi," wato aboki, yadda suke kiran Bahaushe. Waɗannan na gane su. Haka aka siffanta mana mashaya tun muna yara: samari, hayaniya, kwalba, rashin kunya. Na kawar da kai na matsa, suka ja shi suka wuce.

Bayan wurin ya yi tsit sai ga wani tsoho ya fito daga hanyar ƙauyen shi kaɗai. Kansa fari fat, ya yafa wani saƙi mai nauyi mai launuka a kafaɗa ɗaya, irin na manyansu. Ba kwalba a hannunsa, ba waƙa a bakinsa. A hankali yake takawa, yana tsayawa yana dafa iska. Da ya iso gabana ya tsaya ya dube ni, ya kama hannuwana biyu, ya fara magana da yarensu hawaye na zuba. Ya daɗe yana yi, ni kuwa ina ta cewa sannu Baba. Sai ya ɗora goshinsa a kafaɗata, ya sulale ya faɗi rigingine.

Na durƙusa a kansa. Hannunsa sanyi, goshinsa gumi, idonsa rabi a buɗe. Wani wari ke fita daga jikinsa, kuma na san warin: irin na abin da ake goga wa mutum a asibitin Mafara kafin a yi masa allura. Nan take na haɗa labarina tsaf. Bawan Allah daga gadon asibiti aka ɗauko shi don biki, 'yan'uwa sun shagala da kiɗa, ciwo ya taso masa a hanya. Ko a mafarki ban kawo cewa mai furfura irin wannan, da sutura irin wannan, zai sha abin da waɗancan samarin suka sha ba.

Da na sassauta masa mayafin sai na ga ƙaramin gicciye a wuyansa. Na ɗan tsaya. Malam bai taɓa koya mini yadda ake yi wa Kirista ba, domin ba mu da su a unguwarmu. Na duba hagu na duba dama, ba kowa. Na ce a raina abin da na iya shi zan yi, sauran na Allah ne. Rana ta karkata, na ba ta baya na gane gabas, karo na farko da na gane ta da kaina tun da na shigo dajin nan. Na ja tsohon, da nauyinsa kuwa, na kwantar da shi a gefen dama, na ɗora kansa a cinyata. Na fasa ruwan leda na jiƙa bakin hiramina ina shafa masa a leɓe. Na sunkuya na faɗa masa kalmar shahada a kunne, a hankali, yadda Malam yake yi. Ya motsa baki ya ce, "Abena." Na sake faɗa, ya sake cewa Abena.

Wasu mata suka zo wucewa ɗauke da tukwanen biki a ka. Na ɗaga musu hannu ina nuna shi. Suka tsaya suka leƙa, ɗaya ta faɗi wata magana, suka fashe da dariya suka wuce suna waiwaye. Ban taɓa jin haushin mutane kamar na ranar ba. Na bi su da kallo zuciyata na tafasa, na ce ashe haka ƙasar take. Ashe haka aka wuce Lawali a bakin hanya ana dariya. Abin da na yi ta gudun tunani tun daga gida, ga shi a gabana ƙiri-ƙiri.

Can sai jikinsa ya girgiza ya yi amai, mai yawa, ya wanke mini wando har ƙafa. Na sa yatsa na share masa baki, na goge masa gemu. Daga nan numfashinsa ya canza, ya koma wani gurnani daga can cikin maƙogwaro, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Na ce innalillahi, gargara ta zo.

Daidai nan motar ta iso.

Ta cika har saman, yaron motar na rataye a ƙofa yana bugun ƙarfe yana kiran sunan garin da za ni. Na yi masa alama ya zo mu ɗauki mutumin nan mu kai shi asibiti. Ya diro ya leƙa, ya yi dariya, ya kai babban yatsansa baki ya ɗaga kai sama. Na ɗauka cewa yake in ba shi ruwa, na nuna masa ledar a fusace, ai na ba shi. Direba ya matsa oda. Yaron ya buɗa hannu, ko in shiga ko su tafi.

Na tashi, ba zan ɓoye ba. Na zame cinyata na tura masa jakata ƙarƙashin kai, na miƙe tsaye. Sumaila na can ƙarshen jar hanyar nan da amsar da Inna ke jira, gobe da asuba kuma ya tafi ke nan. Wannan tsohon ban san shi ba, ba addininmu ɗaya ba, mutanensa ma sun wuce shi. Na ɗaga ƙafa sai na ji an riƙe ni. Yatsunsa ne suka kama bakin wandona, riƙon da ko jariri zai iya ɓanɓarewa. Na dubi hannun, sai na ga idan na shiga motar nan, abin da zan je in tambaya ko an yi wa Lawali shi ne zan bar wani ba a yi masa ba. Na koma na zauna, na mayar da kansa cinyata. Motar ta tafi. Na yi kuka sosai, na kaina da na Inna, sannan na share fuska na fara Yasin da ƙarfi.

Na kusa kai ƙarshe sai na ji takun mutane da gudu. Wata dattijuwa mai ƙiba ce a gaba, ɗankwalinta a hannu, bayanta amarya cikin fararen kaya ta tattare su har gwiwa, sai ango yana haki. Amaryar ta zube a gabansa tana kiran Papa. Dattijuwar kuwa ta tsaya ta dube ni, ta dubi wandona, ta saurari abin da nake karantawa. Sai ta yi mini Hausa, irin ta Zango.

"Ɗan malam, me kake karanta masa?"

"Yasin, Iya. Gargara shikai. Ku yi haƙuri, na yi abin da ni iya."

Ta sunkuya ta saurari numfashinsa, ta shinshina bakinsa. Ta ɗago tana danne dariya da bayan hannu.

"Wannan ba gargara ba ne, ɗana. Minshari ne. Giya ya sha."

Warin asibiti, dariyar matan nan, yatsan yaron mota, duk suka dawo mini a jere. Ni Mande ɗan Malam, na bar motar da za ta kai ni ga abin da ya kawo ni ƙasar nan, na zauna cikin aman giya, na kusa sauke wa minshari Yasin sukutum. Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Na ture kansa daga cinyata, ba da ƙarfi ba amma ba da ladabi ba, na tashi na ɗauki jakata. Sai dai ba inda za ni, ba mota, kuma ko sallar la'asar ba zan iya yi da wannan wandon ba.

Dattijuwar, wadda suke kira Anti Esi, ƙanwar tsohon ce. Goro take sayarwa, a wajen fataken goro ta koyi Hausa. Ba ta tambaye ni ko zan bi su ba, ta karɓe jakar daga hannuna ta yi gaba. Ango da wani suka ciccibi tsohon. A gidan, amaryar da kanta ta ɗebo mini ruwa a bokiti, da kayan bikinta a jikinta, ta karɓi wandona ta wanke shi sau da yawa yadda Anti Esi ta gaya mata musulmi suke so. Aka ba ni zane na ɗaura kamar ɗan ƙasa, aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka nuna mini gabas ban tambaya ba. Aka kawo mini shinkafa da kifi, Anti Esi ta rantse mini ba abin haram da ya taɓa tukunyar.

Ina ci tana ba ni labari. Sunansa Kofi, amaryar kuma ita ce Abena. Uwarta ta rasu tana ƙarama, bai sake aure ba, shi ya yi mata wanka, shi ya koyi kitso saboda ita. Dattijon coci ne, ya yi shekaru bai kai giya bakinsa ba. Yau da aka miƙa ta ga dangin miji, aka zo da kwalaben al'ada, ya karɓi kofi ɗaya don kada a ce ya ƙi surukai, daga nan bai tsaya ba. Da ya ji an ce motar amarya ta kusa tashi sai ya sulale ya nufi mararraba, don ta nan za a wuce da ita, yana so ya ga bayan motar. Ta ce abin da yake gaya mini yana kuka bai wuce wannan ba, wai gidan zai yi masa faɗi.

Sannan ta daina murmushi ta ce da na bar shi rigingine, aman nan da ya shaƙe shi. Haka ƙanen mijinta ya tafi bayan wani biki, kowa na wucewa yana cewa barci yake. Ta tambaye ni abin da ya kawo ni dajinsu, na gaya mata duka, har tambayar Inna. Ta juya ta fassara wa Abena. Amaryar ta rufe fuska da hannu, ba ta bi mijinta ba a ranar.

Da gari ya waye tsohon ya zo inda nake. Ya tsaya daga nesa, ya kasa haɗa ido da ni. An riga an gaya masa komai. Na ce wa Anti Esi ta faɗa masa abin da ya sha ba abin kirki ba ne, kuma bai dace da furfurarsa ba. Ta faɗa masa, ya gyaɗa kai kamar yaron da aka kama. Ya ce ba shi da abin da zai biya ni, amma yana da babur mai ƙafa uku da yake ɗaukar koko, kuma ya san jar hanyar nan tun tana turba. Kansa na sara, idonsa ja, haka ya tuƙa ni cikin taɓo da ramuka, ni a baya ina riƙe da ƙarfe ina salati.

Mun isa da hantsi. Mai shagon ya ce Sumaila ya tafi tun asuba. Na tambayi duk wanda ke jin Hausa a wurin labarin rasuwar Lawali, kowa ya ce shi dai ya je jana'iza. Wani ya ce a ɗaki ya cika, wani ya ce a hanyar kemis. Ba wanda ya san ko da mutum a kansa. Aka raka ni maƙabartar musulmi a bayan gari, aka nuna mini wani tudun jar ƙasa da ciyawa ta fara rufewa. Na durƙusa na cire ciyawar da hannu, na yi masa addu'a. Da na waiwaya sai na hangi Baba Kofi a bakin shingen, bai shigo ba. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya sauke mayafinsa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Daga baya na ji haka suke yi a gaban wanda suke girmamawa.

A wurin na hau wani tudu inda waya ke shiga, na kira matata Hadiza na ce ta kai wa Inna wayar. Muka gaisa da Inna, na ce mata ga ni a kan kabarin Lawali, wuri mai kyau, cikin musulmi. Ta ce madalla. Na san abin da take jira. Na yi niyyar in ce mata an samu wanda ya zauna da shi, wa zai ƙaryata ni? Bakina ya ƙi. Na ce mata wanda ya sani ya tafi, kuma ni na bar motar da za ta kai ni gare shi. Ta ce saboda me. Sai na kwashe labarin tsohon na ba ta, tun daga warin allura har Yasin.

Da na kai wajen minsharin sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Inna ce ke dariya, irin wadda ake ji daga zaure, har tari ya sarƙe ta, ina jin Hadiza na cewa Inna a hankali. Na tsaya a maƙabarta da waya a kunne, ina dariya ina hawaye. Da ta lafa ta ce:

"Mande, ka san shi?"

"A'a Inna."

"Musulmi na?"

"A'a."

"Kuma kaz zamna."

"Na zamna, Inna."

Sannan ta ce, "To shi ke nan. In Allah ya aje ka bakin hanya don tsohon wasu, bai rasa wanda ya aje don nawa ɗa. Ban ƙara tambaya." Na ji ta juya tana ce wa Hadiza ta ɗumama mata tuwon nan na jiya. Ta dawo kan wayar ta ce, "Gaisuwar da nib ba ka, ka ba tsohon. Ka ce mai kuma ya bar shan abin nan."

Na sauko na iske shi inda na bar shi, takalmansa a hannu. Ya dube ni da alamar tambaya, ga shi ba Anti Esi da za ta fassara. Sai na kama hannunsa biyu-biyu na gaishe shi irin ta gida. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi gajiya, na tambayi gida da iyali, na tambayi amarya, na tambayi damina, na ce Inna na gaishe ka. Hausarsa duka kalma biyu ce, kuma da su ya amsa mini kowace tambaya, yana riƙe da hannuna bai saki ba.

"Lafiya lau," in ji shi. "Lafiya lau."